Horar da Iyaye da Masu Raino kan Kare Yara daga Lalata

Horar da iyaye da masu raino kan kare yara daga lalata ilimi ne da ake bai wa manya, wato iyaye, kakanni, malamai, masu raino da duk wanda aka damƙa wa amanar yaro, domin su san hanyoyin da masu lalata ke bi, su toshe su tun da wuri, su kuma san abin yi idan ta faru. Yawanci zama ne na 'yan sa'o'i, a aji ko ta intanet. Tushensa shi ne nauyin kare yaro yana wuyan babba, ba wuyan yaron ba.

A 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata sama da miliyan 370 da ke raye, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko lalata kafin su cika shekara 18. A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna abin ya shafi yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma.

Asali

Shirye-shiryen farko, waɗanda suka bazu a makarantun Amurka cikin shekarun 1980, yara suka fuskanta: ka ce a'a, ka gudu, ka faɗa wa babba, ka kiyayi baƙo. Sai bincike ya yi ta nuna cewa mafi yawan masu aikata abin ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani, iyayensa suka yarda da su, wani lokaci ma yaro ne da ya ɗan girme shi. A 1984 masanin zamantakewa David Finkelhor ya bayyana cewa kafin lalata ta auku sai mai yi ya tsallake shinge huɗu: ya samu sha'awar, ya danne tsoro da kunyar zuciyarsa, ya kauce wa idon masu tsaro, sannan ya shawo kan yaron. Shinge na uku a hannun iyaye yake, kuma a kansa aka gina wannan horo.

An kafa ƙungiyar Stop It Now a Amurka a 1992, sai Darkness to Light a birnin Charleston a 2000, wadda ta fito da shirin horar da manya mai suna Stewards of Children a 2004. A Turai an ƙaddamar da gangamin yaƙi da lalata da yara mai taken "ɗaya cikin biyar" a 2010, ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta Birtaniya kuma ta soma koyar da "dokar kamfai" a 2013: abin da kamfai ya rufe na yaro ne shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tallafa wa iyaye cikin dabaru bakwai na tsarin INSPIRE na kawo ƙarshen cin zarafin yara a 2016.

Abin da ake koyarwa

Darasi mafi nauyi shi ne gane shigo-shigo ba zurfi. Mai lalata ba kasafai yake farawa da ƙarfi ba. Iyayen yake fara saye da kirki, ya zama na gida, mai rage wa yara hanya zuwa makaranta. Daga nan ya ware yaro ɗaya da kyauta: alewa, ɗari biyu, aron waya. Sai aike zuwa ɗakinsa, sai wasa mai taɓa jiki, sai "kada ka gaya wa Mama". Kafin abin ya kai ga lalata, yaron ya riga ya ɗauka da hannunsa a ciki, shi ya sa yake shiru. Ana koya wa iyaye su dubi hali, ba fuska ko matsayi ba. Gemu, furfura, ilimi ko zumunci ba shaida ba ne.

Daga nan sai rage keɓewa. Darkness to Light ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na irin wannan cin zarafi yana faruwa ne yayin da yaro yake shi kaɗai da mutum ɗaya. Saboda haka malamin da ke zuwa gida ya koyar a tsakar gida ko falo, ƙofa a buɗe. Uwa ta riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. A san wanda ke kai yaro da ɗauko shi. A san da wa yake hira a waya. A ƙasar Hausa wannan ya shafi talla, aiken dare, kangon unguwa da ɗakin samari a soro. Wannan darasi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, tunda akwai hadisin raba wa yara makwanci a shekara goma, da ayar neman izini kafin shiga ɗaki a Suratun Nur.

Magana da yaro ita ce ke yi wa iyaye wuya, musamman inda kunya ta yi ƙarfi har uwa ba ta iya kiran sunan ɗan fari. Masu horarwa suna so yaro ya san sunan al'aurarsa kamar yadda ya san na hanci da kunne, don yarinyar da ta ce "ya taɓa min abuna" ana iya ɗauka jakarta take nufi. A kuma gaya masa yana da damar ƙin runguma ko zama a cinyar kowa, ko da kawu ne.

Alamomi kuwa ba su da tabbas: fitsarin kwance bayan an daina, firgita cikin barci, ƙin zuwa wani gida, kuɗin da ba a san asalinsu ba, ko sanin harkar manya fiye da shekarunsa. Yara da yawa ba sa nuna komai.

Idan yaro ya buɗe baki

Ana koyar da kalmomi kaɗan: "Na yarda da kai. Ba laifinka ba ne. Ka kyauta da ka faɗa min." Ba duka, ba salati da kururuwa, ba "me ya kai ki ɗakinsa?", ba titsiye da tambayoyi, domin yaron da ya ga hankalin uwarsa ya tashi yakan janye maganarsa. Sai asibiti da gaggawa, don maganin rigakafin ƙanjamau cikin sa'o'i 72 yake amfani, kuma a ajiye tufafin ba tare da an wanke ba. A Najeriya akwai cibiyoyi na musamman kamar Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Mirabel a Legas. Sasantawa a cikin gida da sunan rufin asiri mai laifin take rufa wa asiri, ta bar shi kusa da wasu yaran.

Tasiri

Bincike ya tabbatar cewa horo yana ƙara wa manya sani da ƙwarin gwiwar kai rahoto. Auna ko ya rage yawan lalatar kanta ya fi wuya, tunda yawanci ba a bayyana ta, kuma ƙaruwar rahotanni bayan horo na iya nufin mutane sun fara magana ne. Wasu masu bincike suna ganin an fifita hira da yaro fiye da kima, alhali sa ido da shaƙuwa tsakanin iyaye da 'ya'ya sun fi ba da kariya. Wani giɓin shi ne galibi mata ke cika wuraren horon, maza kaɗan ne ke zuwa.