Ku daina tsare ni a ƙofar majami'a: amsoshi a kan gafara

Tambayoyin nan su ne dai kullum bayan sujada a nan Marwa, a arewacin Kamaru. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake zuwa, su zan miƙa masa.

Allah zai gafarta mini kowane irin zunubi?

Zai gafarta. Buɗe 1 Yohanna 1:9. Dawuda ya yi zina, ya sa aka kashe Uriya mijin matar, ya tuba, aka karɓe shi. Zabura 51 addu'arsa ce.

Sai na yi azumi ko na ƙara baiko kafin a karɓi tubana?

A'a, ba ciniki ake yi ba. Almasihu ya riga ya biya a kan gicciye, kuma Allah ne ya fara neman sulhu da mu (2 Korintiyawa 5:19).

Baba, ina tsoron ko na yi saɓon Ruhu Mai Tsarki.

Wanda ya yi shi, wannan tsoro ba ya hana shi barci. Kwantar da hankalinki, 'yata.

Sau nawa zan yafe wa mutum ɗaya?

Bitrus ya riga ka tambaya. Bakwai sau saba'in, Matiyu 18:22. In kana ƙirgawa, ba ka fara ba tukuna.

Wani da ya bi 'yan Boko Haram ya ajiye makami ya dawo garinmu. Su suka ƙone mana gida, suka kashe yayana. Dole ne in yafe masa?

Wannan kam ba a amsa ta a tsaye. Tun 2014 mutanen yankunan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, kusa da iyakar Najeriya, ke binne 'yan'uwansu, wanda kuwa bai taɓa kwana a kan dutse don tsoro ba, ya sassauta harshe in zai yi musu wa'azi. A 2018 gwamnati ta kafa kwamitin karɓar masu ajiye makamai, da cibiya a Mora, saboda haka maganar ta shigo har cikin unguwa.

Abin da nake gani shi ne, akwai abin da ya zama wajibi a kanka, akwai wanda bai zama ba. Wajibi ne ka saki ramuwa, Romawa 12:19 ta ce a bar wa Allah ita. Wannan ma yakan ɗauki shekaru, wata safiya ka tashi ka ji ɗacin ya dawo sabo. Ba alamar ka ja da baya ba ce, ka sake kai shi gaban Ubangiji. Sulhu kuwa sai da mutum biyu. Luka 17:3 ta haɗa shi da tuban mai laifi, Bulus ma da ya ce a zauna lafiya da kowa, ya sa sharaɗin in mai yiwuwa ne. Ba wanda ya ce ka ba shi amanar gidanka gobe. Yusufu sai da ya gwada 'yan'uwansa, ya ga yadda suka yi da Biliyaminu, kafin ya bayyana musu kansa. Yafewarka kuma ba ta hana hukuma aikinta. In an kira ka shaida, ka faɗi gaskiya.

Sai dai a duba wane ne mutumin. Wasu suna yara aka kwashe su da ƙarfi, wasu da ƙafarsu suka tafi. Ni dai ba na auna su da mudu ɗaya, ko da yake na san dattawan da ba su yarda da ni ba. Batun cin Jibin Ubangiji alhali zuciya na tafasa kuwa, ka zauna da fastonka ku yi magana. Kada ka janye kanka shiru.

Na roƙi Allah gafara. Har yanzu sai na biya kuɗin adashin da na ci?

Kai, wannan ma tambaya ce? Zakka ninki huɗu ya ce zai mayar. Matiyu 5:23-24 ta ce ka ajiye baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Matan adashin nan sefa suke jira. In ba ka da su duka, je ka same su ku yanka abin da za ka riƙa bayarwa duk ranar kasuwa.