Ƙayyade kwararar wutar lantarki da haɗarin jan wuta

Ƙayyade kwararar wutar lantarki na nufin dabarun da ake bi domin hana wutar da ke bin waya wuce gwargwadon da wayar, ko na'ura, ko jikin ɗan Adam zai iya ɗauka. Ana auna kwararar da amfiya, ƙarfin da ke tura ta da bolt, turjiyar hanyar da take bi kuma da om. Masanin kimiyya Bajamushe Georg Ohm ne ya bayyana dangantakarsu a 1827: idan aka raba adadin bolt da na om, sai a sami amfiya.

Abin da ke yi wa mutum lahani shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, da hanyar da ta bi, da daɗewar da ta yi. Ma'aunin da ake amfani da shi a nan shi ne miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. A kusan miliamfiya 1 mutum yakan ji tsirawa kawai. Daga 10 zuwa 20 tsokar hannu kan ƙage, har ya kasa sakin abin da ya riƙe ko da yana cikin hayyacinsa. Idan ta kai 50 zuwa 100 kuma ta bi ta ƙirji, zuciya na iya daina bugawa ta koma karkarwa, jini ya tsaya, rai ya salwanta cikin mintuna kaɗan. Busasshiyar fata na iya kai turjiyar om 100,000, amma gumi ko ruwa kan sauke turjiyar jiki zuwa kusan 1,000, kuma a wannan hali bolt 230 zai tura miliamfiya 230. Duk wanda ya san zafin Makka da laimar Jidda ya san cewa tafin hannun mai aiki ba kasafai yake bushewa ba.

Fis da bireka su ne na'urorin da aka fi sani. Fis siririyar waya ce mai narkewa idan wuta ta yi yawa, bireka kuwa faɗuwa take yi a sake tayar da ita. Sai dai mutane da dama na ɗaukar su a matsayin masu tsare rai, alhali an ƙera su ne domin kare waya daga zafi da gida daga gobara. Birekar amfiya 20 ba za ta motsa ba saboda miliamfiya 100, domin wannan kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari biyu na abin da take jira. Mugun sakaci ne kuma a ɗaure fis da wayar tagulla, ko a sauya bireka da babba don ta cika faɗuwa idan an kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tunda faɗuwar tata gargaɗi ne.

Na'urar da ke tsare mutum ita ce birekar yoyon wuta, wadda ake kira RCD. Tana gwada wutar da ta shiga da wadda ta dawo, idan ta ga giɓin miliamfiya 30 sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wanda ya daɗe yana nazarin tasirin wuta a jikin mutum, ya ƙirƙiro irin tata a 1961. Abokiyar aikinta ita ce wayar ƙasa, mai haɗa gangar jikin hita, firji, injin wanki ko injin tura ruwa tanki da ƙasa, ta yadda wutar da ta ɓalle za ta sami hanya mafi sauƙi fiye da jikin mai taɓawa.

A Saudiyya akwai wata matsala ta daban. Tsofaffin gidajen ƙasar sun gaji layuka biyu, bolt 127 da 220, wani lokaci a ɗaki guda. A 2010 majalisar ministoci ta amince da komawa bolt 230 sannu a hankali cikin shekara 25. A tsofaffin unguwanni inda Hausawa da yawa ke haya, har yanzu ana samun soket marar wayar ƙasa da wayoyin da aka ja ba bisa ƙa'ida ba, ga kuma ruwan sama da kan mamaye tituna, kamar ambaliyar Jidda ta 2009 da ta 2011, ya kai ga akwatunan wuta da sandunan fitila.

Idan wuta ta ja mutum, kada a taɓa shi da hannu. A fara kashe babbar bireka, in hakan ya gagara a ture wayar da busasshen katako ana tsaye a busasshen wuri. Wayar babban layi kuwa ba a kusantar ta sam. A kira motar asibiti (lamba 997 a Saudiyya), a fara danna ƙirji idan ba ya numfashi. Ko da ya miƙe ya ce lafiya lau, ya kamata likita ya duba shi, domin ƙunar wuta takan yi zurfi a cikin tsoka fiye da tabon da ake gani a fata.