Manyan Katunan Girafik da Wutar da Suke Buƙata

Katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke lissafa hoton da ake gani a allo. A kwamfutar wasa babu abin da ya kai shi tsada ko shan wuta, kuma da shi ake yanke hukuncin girman akwatin raba wuta da za a saya, wato PSU, wanda masu gyara ke kira fawa saflai.

Tarihi

Kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo a 1996, wanda ake yawan ambata a matsayin mafarin wasannin 3D a kwamfutocin gida. A 1999 Nvidia ya kawo GeForce 256. Kamfanin ATI, babban abokin gogayyarsa a lokacin, AMD ya saye shi a 2006, shi ne tushen katunan Radeon na yau. Katunan farko ramin da ke jikin madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, shi kaɗai ya ishe su wuta. Ramin PCIe, inda ake cusa kati a yau, iyakarsa watt 75 ne, don haka da katunan suka ƙaru aka fara jawo musu waya kai tsaye daga PSU: mai fil 6, wato ƙananan tsinkayen ƙarfe shida a bakinta, tana ba da watt 75, mai fil 8 kuma watt 150. Daga 2018, da jerin RTX 20 ya shigo da lissafin tafiyar haske a cikin wasa, shan wuta ya riƙa hawa. RTX 3080 na 2020 watt 320 ne, RTX 4090 na 2022 watt 450, RTX 5090 na 2025 kuma watt 575.

Ƙarfin aiki

Ana auna shi da yawan firam, wato hotunan da kati ke zanawa, a sakan ɗaya. Firam 60 ya isa yawancin wasanni, masu gasa kuwa suna neman 144 ko sama. Allon 4K yana da ɗigon hoto fiye da miliyan 8, ninki huɗu na allon 1080p, kuma a nan ne manyan katuna ke nuna bambancinsu. RTX 4090 da Radeon RX 7900 XTX kowanne na da ma'ajiyar hoto ta GB 24, RTX 5090 kuwa GB 32. Mai allon 1080p da ya sayi irin waɗannan ya yi asarar kuɗi, domin furoseso, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ne zai taƙaita shi.

Zaɓen PSU

Nvidia ya ba da shawarar watt 850 ga RTX 4090 da watt 1000 ga RTX 5090. Lissafin a bayyane yake: kati 450, furoseso irin Core i9-14900K kimanin 250, sauran kaya da fankoki wajen 80, an doshi 800 ke nan. Sai dai jimillar ba ita ce duka ba. Katin yakan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙanƙanin lokaci, sai kariyar PSU ta ɗauka matsala ce ta yanke wuta. Alamar ita ce kwamfuta ta mutu farat ɗaya ana tsakiyar wasa, alhali tana aiki lafiya a Word ko intanet. Ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta tanadi manyan PSU su jure ninki biyu na ƙarfinsu na mikirosakan 100.

Tambarin 80 Plus ingancin sarrafa wuta yake nunawa. Mai darajar Gold yana kaiwa kimanin kashi 90 cikin 100 a rabin lodi, don haka idan kayan ciki na cin watt 700, bango na ba da kusan 780, ragowar ta zama zafi. A duba takardar da ke jikin akwatin a ga adadin watt na layin bolt 12, domin a kansa kati da furoseso suke. Katin da ke da ramuka biyu ko uku masu fil 8, kowane rami a ba shi wayarsa daban. Kuma ba a haɗa wayoyin wani PSU da na wani ko da bakin ya shiga, saboda jerin fil ya bambanta, yana iya ƙona kati nan take.

Mahaɗar fil 16

Ita ce sabuwar mahaɗar da ke kai wuta daga PSU zuwa manyan katunan Nvidia, tana ɗaukar watt 600. A ƙarshen 2022 an samu rahotannin narkewarta a RTX 4090. Nvidia ya danganta hakan da rashin tura ta har ƙarshe, wasu masu gwaji kuma suna zargin ƙirar kanta. Gyararren nau'in 12V-2x6 ya fito a 2023, amma muhawarar ba ta ƙare ba. A tura ta har sai ta yi ƙara ba a ganin tazara, kada kuma a lanƙwasa wayar dab da baki.

Yanayin Kano

Wutar Najeriya bolt 230 ce, amma takan yi rauni ko a ɗauke ta ba sanarwa. PSU mai karɓar bolt 100 zuwa 240 ya fi dacewa da wanda aka rubuta wa 200 zuwa 240 kawai. Kuskuren da ya fi yawa yana wajen UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta: VA, ma'aunin da ake rubuta masa, ba watt ba ne, kuma da yawa masu lambar VA 1000 watt 600 kacal suke ɗauka. Kwamfuta mai RTX 4090 da allonta na buƙatar VA 1500 ko fiye. Haka inbata ta kasance mai tsantsar igiyar sain (pure sine wave), wato mai ba da wuta irin ta bango, domin masu araha sukan sa PSU ƙugi ko mutuwa lokacin sauyin wuta. Ƙaramin janareta na shago ba zai riƙe wannan lodi ba.

A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma kati da ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa, firam su faɗi. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kati, sai a hure ta da bulowa bayan an cire wuta, a riƙe fanka da yatsa kada ta juya.

Kayan hannu

A kasuwannin lantarki irin na titin Beirut ana samun katuna na hannu. A gwada kati a wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa kafin a biya kuɗi.