Ƙofofi da famfunan jikin bakteriya da yadda suke sa ta bijire wa magani

Kowace ƙwayar bakteriya a lulluɓe take da tantani, kuma a jikin tantanin akwai furotin masu kula da shige da fice: wasu na shigo da abinci, wasu na fitar da guba. Yawancin magungunan antibayotik ba sa aiki sai sun kutsa ciki sun taru, saboda haka waɗannan furotin ne ke ƙayyade yawan maganin da zai isa inda aka nufa.

Bakteriya masu tantani biyu, irin su Escherichia coli (E. coli a taƙaice), suna da ƴan ƙananan kafofi a tantanin waje da ake kira porin. Ta nan magunguna da dama ke bi. Idan ƙwayar ta rage yawansu ko ta tsuke su, magani sai ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Pseudomonas aeruginosa da ta rasa kafar OprD, alal misali, takan daina jin maganin imipenem.

Batun famfo, wato furotin masu turo magani waje, ya fi wannan tayar da hankali. A shekarar 1980 Stuart Levy da abokan aikinsa a Jami'ar Tufts ta Amurka suka nuna cewa E. coli mai bijire wa tetrasaiklin turo maganin waje take yi da ƙarfin tsiya. Famfon da aka fi nazari a yau shi ne AcrAB-TolC, mai sassa uku. AcrB na zaune a tantanin ciki, shi ke cafke maganin. TolC dogon bututu ne da ya ratsa tantanin waje, AcrA kuma ya haɗe su biyun. AcrB ɗin kansa kashi uku ne masu karɓa-karɓa: yayin da ɗaya ke ɗaukar magani, na biyu na riƙe da nasa, na uku na zubarwa cikin bututu. Ƙarfin yin haka daga kwararar proton (ƙananan ɓurɓushi masu cajin lantarki) zuwa cikin ƙwayar yake fitowa.

Wannan famfo ba ya zaɓe. Yana fitar da tetrasaiklin da kloramfenikol da siprofloksasin, har da rini da sinadaran wanki. Ba don magungunanmu ya samu ba, E. coli mazauniyar hanji ce, da shi take kare kanta daga gishirin ruwan matsarmama. Sauyi ɗaya a ƙwayar gado mai tsawata masa, kamar acrR, na iya sa ƙwayar ta ƙera famfuna barkatai, ta bijire wa magunguna da yawa lokaci guda. Wasu bakteriya ma na da nasu famfunan: Pseudomonas na da MexAB-OprM, Staphylococcus aureus na da NorA.

Sau da yawa juriyar da famfo kaɗai ke bayarwa matsakaiciya ce, amma tana raya ƙwayar har ta samu wasu sauye-sauyen da suka fi muni. Shi ya sa masana ke neman abin da zai toshe shi. An gano wani sinadari mai toshe famfo da ake kira PAβN, ya kuma yi aiki a ɗakin gwaji, sai dai gubar da ke tattare da shi da danginsa ta hana a kai su ga marasa lafiya.