Me Ya Sa Ƙera Jirgin Yaƙin Ruwa Ke Jan Lokaci?

Mu a Zariya ruwanmu bai wuce Galma da Kubanni ba, amma ɗalibin injiniya a Samaru, ko mai karatu a cibiyar fasahar sufuri ta NITT, zai ci karo da wannan batu.

Tambaya: Me masu ƙera jiragen kasuwanci ke yi daban da masu ƙera na yaƙi?

Amsa: Manyan kamfanoni irin su Hyundai da ke Ulsan a Koriya ta Kudu ba sa yanka ƙarfe sai zane ya nuna. Sukan harhaɗa jirgin a kwamfuta tukuna, kowane bututu da waya da mazaunin inji a san inda zai zauna. Sukan karɓi ainihin girma da nauyin injin daga wanda zai sayar musu tun da wuri, kuma sun fi son ɗorawa kan zanen da ya riga ya shiga teku. Ba don sun fi kowa haƙuri ba ne: farashi da ranar miƙa jirgi suna cikin kwangila, jinkiri kuwa daga aljihunsu zai fita.

Tambaya: In aka fara aiki zane bai ƙare ba fa?

Amsa: Amurka ta ɗanɗana. A 2020 rundunar sojan ruwanta ta ba kamfanin Fincantieri Marinette da ke Wisconsin kwangilar jiragen yaƙi samfurin Constellation, bisa zanen jirgin yaƙin FREMM da Italiya da Faransa ke amfani da shi. Sai aka yi ta sauye-sauye har zanen ya kusa zama sabo fil. A 2022 aka fara ƙira bai kammala ba. A 2024, hukumar binciken gwamnati ta GAO ta nuna nauyin jirgin ya ƙaru, ranar miƙawa kuma ta tashi daga 2026 zuwa wajen 2029. Duk maginin da ya zuba dakin (rufin kankare) a Tudun Wada, sannan mai gida ya ce a matsar da matakala, ya san wannan ciwon kai.

Tambaya: Ai jirgin yaƙi ba jirgin dakon kaya ba ne.

Amsa: Haka ne, akwai makamai da rada, kuma dole ya jure duka. A ganina ma wannan ya fi wajabta gama zane kafin a kunna walda.

Tambaya: Najeriya na ƙera nata?

Amsa: Ƙanana dai. Ma'aikatar ƙera jirage ta sojan ruwa a Legas ta fitar da NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016, sai NNS Oji a 2021, kowanne an ɗora shi kan abin da aka koya a na baya. Manyan kuwa daga waje aka samo su, irin su NNS Unity da aka sayo daga Sin.