Gazawar Zuciya: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Shekara da shekaru ina duba masu ciwon zuciya a nan Katsina, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan a rubuce.

Wai zuciyar ta tsaya ne?

Da ta tsaya da ba ka zo kana tambaya ba. Ƙarfin tura jini ne ya ragu, sai ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafafu.

An ce wani abu na taka, shi ya kumbura min ƙafa.

Ba abin da ka taka, Baba. Ƙafa biyu sun kumbura tare, kana haki daga gida zuwa masallaci, ba ka iya barci sai ka jera filo uku, tari na tashe ka da dare. Je ka babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya, a yi maka hoton zuciya da na ƙirji da gwajin jini.

Me ke kawo shi?

Hawan jinin da aka yi wa sakaci, shi ne kan gaba a wajenmu. Awo ya kai 140/90 ko ya wuce, ka ce ai ba ka jin komai. To, ga shi. Akwai kuma ciwon suga, da lalacewar ƙofofin zuciya, da wanda ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa.

Na daina sa gishiri, shi ke nan?

Magi fa? Yajin tsire fa? Kanwa ma ƙanwar gishiri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lafiyayye ma kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, balle kai.

Zan iya yin azumi?

Nan kam ba ni da amsa guda. Wanda ciwonsa ya lafa, ba kumburi, ba haki, bai kwanta asibiti kwanan nan ba, mai yiwuwa ya iya, amma sai likitansa ya duba shi tun a Sha'aban, an ga ƙodarsa, an sake tsara lokutan magani. Matsalar ita ce maganin fitar da ruwa, furosemide, wanda kuke kira Lasix. Ka sha da sahur, ka yini kana fitsari cikin zafin Katsina, jiri ya ɗebe ka kafin la'asar. Ka sha bayan shan ruwa, tarawi ta zama zarya zuwa bayi. Wani a rage masa, wani a sauya masa lokaci, wani kuma a ce ya haƙura, musamman in da suga ko ciwon ƙoda a haɗe. Ko an ba ka dama, kada ka ɗura ruwa da kunu lokaci ɗaya da magariba, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Ka riƙa hawa sikeli kullum. Nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ka dawo. In numfashi ya yi nauyi ko ka ji za ka faɗi, karya azumin. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame; maganar ramuwa ko ciyarwa kuwa ta malamai ce, ka je gare su.

'Yata mai jego tana haki, ko gajiyar haihuwa ce?

Hajiya, ki kawo ta yau, ba bayan arba'in ba. A dakata da kunun kanwa. Kada ki tsorata, da yawa zuciyarsu na farfaɗowa in an fara magani da wuri. Amma maganar wani cikin, sai da shawarar likita.

Na ji sauƙi, in daina maganin?

A'a. Sauƙin ai na maganin ne.

In jikina na ciwo in sayi diclofenac a kemis?

Kada ka kuskura, haka ma ibuprofen. Suna riƙe ruwa a jiki, suna wahalar da ƙoda. Sha farasitamol, ka zo mu ga me ke ciwon.