Hasken dare da agogon jiki: ga amsa, don Allah a daina maimaita tambaya

Wai da gaske jiki yana da agogo?

Eh. Wasu 'yan ƙwayoyi ne a ƙwaƙwalwa, saman inda jijiyoyin ido suka gitta juna, kuma haske ke saita su kullum. Binciken yadda agogon ke aiki ne ya ba wasu Amurkawa 3 kyautar Nobel a 2017.

To me fitila ta yi?

Duhu na yi jiki zai fara sakin sinadarin melatonin, shi ke sanar da cewa dare ya yi. Ka kunna farin ƙwan lantarki ko ka manna waya a fuska, ido ya kai rahoton rana ba ta faɗi ba, melatonin ya makara, barci ma ya makara. Haske mai shuɗi-shuɗi ya fi ɓarna.

Na rage hasken wayata, shikenan ko?

A'a. Kana nan kana TikTok har ƙarfe biyu. Ajiye wayar malam.

Ni nas ce, aikin dare nake, ya zan yi?

Ke kam ba laifinki ba ne, kwantar da hankali. Gaskiya babu dabara ɗaya da ta dace da kowa, ya danganta da ko kullum dare kike ko ana juya ku, masu juyin sun fi wahala don kafin jiki ya saba an sake canzawa. Sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar kansa, "mai yiwuwa" fa aka ce, kar ki ajiye aiki saboda haka. Abin da kan taimaka, haske sosai a farkon dare, in kin tashi daga aiki da safe ki sa baƙin gilashi a hanya (sai dai in ke ke tuƙi kuma kina gyangyaɗi), ki tarar da ɗaki duhu da labule mai kauri, kofi da goro kuma a bar su tun kafin asuba. Na san da yara da girki da zafin rana ba lallai duk ya yiwu ba, ki yi wanda ya samu. In rashin barcin ya daɗe ki ga likita.

Yara fa?

Haske ya fi saurin taɓa su. A karɓe wayar bayan isha'i.

Mu sai tsakar dare NEPA ke kawo wuta.

Sai ka kashe makunnin ƙwan kafin ka kwanta, ka bar fanka da caji. Wannan ma sai an faɗa?